Hawa da Saukar Ruwa a Tafkunan Lantarki na Kogin Kaduna: Bayani ga Al'ummar Birnin Gwari da Kewaye

GABATARWA

Duk wanda ya je bakin tafkin Shiroro a watan Mayu, sa'an nan ya sake komawa a watan Oktoba, zai yi zaton ba wuri ɗaya ya ziyarta ba. Inda ya bar sawun shanu da bukkokin masunta da gonakin da aka fara shuka, zai tarar da ruwa shimfiɗe iya ganinsa. Wannan ba sabon abu ba ne, kuma ba alama ba ce ta cewa madatsar ta lalace. Haka aka tsara tafkin lantarki ya yi aiki, ya cika da damina, ya ragu da rani.

Babu madatsar samar da wutar lantarki a cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari. Madatsar Bagoma da muke da ita an gina ta ne domin samar da ruwan sha. Amma ƙasarmu tana maƙwabtaka da Jihar Neja, inda manyan tafkuna biyu na Shiroro da Zungeru suke, kuma ruwan saman da ke sauka a dazukanmu yana ƙarewa ne a Kogin Kaduna. Manomanmu da makiyayanmu da masunta da 'yan kasuwa suna kai da komo a bakin waɗannan tafkuna, wasu ma sun koma can da zama a shekarun da rashin tsaro ya raba mutane da ƙauyukansu. Saboda haka muka tanadi wannan bayani domin jama'ar karkara da masu unguwanni da dagatai da hakimai da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Abin da muke so a riƙe shi ne, iyakar tafki ta gaskiya ita ce inda ruwa ke kaiwa idan ya cika, ba inda ake ganin bakinsa da rani ba.

KOGIN KADUNA DA ƘASAR BIRNIN GWARI

Kogin Kaduna ya samo asali ne daga tsaunukan Jos, ya ratsa Jihar Kaduna ta cikin babban birninta, ya shiga Jihar Neja, sa'an nan ya zuba a Kogin Kwara wajen Muregi, daura da Pategi. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 550. Kogi ne na damina ɗaya. Daga watan Yuli zuwa Oktoba yana tumbatsa, musamman lokacin marka a Agusta da Satumba, amma daga tsakiyar rani zuwa bazara ruwansa yana raguwa ƙwarai har duwatsu da yashi su bayyana.

A ɓangarenmu, babban kogi shi ne Mariga, wanda ya bi ta gefen Gandun Dajin Kamuku, ya gangara kudu cikin Jihar Neja, ya haɗu da Kogin Kaduna a ƙasa da garin Zungeru. Dajin Kamuku kuwa an keɓe shi tun shekarar 1936 a zamanin En'e, aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,121. Ƙananan ƙoramu masu yawa suna fitowa daga wannan daji da sauran dazukan da ke kewaye da shi, kuma dukkansu suna cikin kwarin Kogin Kaduna.

MADATSUN LANTARKI DA YADDA SUKA ƘARU

Nijeriya ta fara dogaro da manyan madatsun lantarki ne da Kainji a kan Kogin Kwara, wadda aka kammala a 1968 da ƙarfin megawat 760. Cikar tafkinta ta sa an tayar da mutane fiye da 40,000, har tsohon garin Bussa ya nutse aka gina sabo. Bayanta aka yi ta Jebba a tsakiyar shekarun 1980.

Madatsar Shiroro ita ce ta farko a kan Kogin Kaduna. An buɗe ta a 1990, tana da injuna 4, kowanne megawat 150, jimilla megawat 600. Tsayin bangonta ya kai mita 115, tsawonsa kuma kimanin mita 700. Idan tafkin ya cika yana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 7, ya mamaye fili fiye da murabba'in kilomita 300. Hukumar NEPA ce ta fara gudanar da ita, amma tun 2013 tana hannun kamfanin North South Power bisa yarjejeniyar haya da Gwamnatin Tarayya.

Madatsar Zungeru tana ƙasa da ta Shiroro a kan kogi ɗaya. An aza harsashinta a 2013, kamfanonin ƙasar Sin suka gina ta, akasarin kuɗin aikin kuma rance ne daga wani bankin gwamnatin Sin. Tana da injuna 4 masu bayar da jimillar megawat 700, kuma tafkinta yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita biliyan 10, wato ya fi na Shiroro. An miƙa gudanar da ita ga kamfanin Mainstream Energy a farkon 2024. Cikar wannan sabon tafki ta shafi ƙauyuka da gonaki da yawa, musamman a ƙananan hukumomin Shiroro da Rafi, waɗanda su ne maƙwabtanmu na kudu.

A cikin Jihar Kaduna kanta akwai madatsar Gurara a kudancin jihar, wadda babban aikinta shi ne tura ruwa zuwa Abuja, amma an haɗa mata ƙaramar tashar lantarki mai megawat 30.

Ma'anar wannan ƙaruwa ga mutanen karkara ita ce, a yanzu akwai gaɓar tafki mai tsawon gaske a wuraren da a da ba a san komai ba sai kogi da fadama. Dattawan da suka san halin kogin tun kaka da kakanni suna iya faɗin inda ambaliya ke kaiwa a zamanin da, amma wannan sani bai isa ba a yau, domin hawan ruwa da saukarsa sun koma bin tsarin masu gudanar da madatsa tare da yawan ruwan sama.

DALILIN HAWA DA SAUKAR RUWA

Tafkin lantarki tamkar rumbu yake. Manomi yana cika rumbunsa da kaka, ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan har wata damina. Haka masu madatsa ke tara ruwan watanni huɗu domin su juya injuna har tsawon watanni goma sha biyu. Ga yadda shekarar tafki take tafiya a Kogin Kaduna:

Daga Nuwamba zuwa Afrilu: Ruwan da ke shiga tafki ya yi ƙasa da wanda ake saki ta cikin injuna. Tafki yana ja da baya a hankali, fili yana buɗewa a gaɓa.

Daga Mayu zuwa Yuni: Ruwa yana matakinsa mafi ƙanƙanta. A wannan lokaci ne wutar da madatsa ke bayarwa take raguwa, kuma a lokacin ne gaɓar ta fi faɗi ta fi jan hankalin manomi.

Daga Yuli zuwa Agusta: Ƙoramu sun kawo, tafki ya fara hawa. Da farko hawan ba ya da sauri, amma da zarar ƙasa ta ƙoshi da ruwa sai ya ƙaru ƙwarai.

Daga Satumba zuwa Oktoba: Tafki yana kusantar cika ko ya cika. Idan ruwan da ke shigowa ya fi ƙarfin abin da injuna za su iya wucewa da shi, dole a buɗe ƙofofin sakin ruwa, domin idan aka bar ruwa ya haura bangon madatsa, ɓarnar da za ta biyo baya ta fi kowace ambaliya muni.

Ya kamata a lura cewa tafkin Kainji ya bambanta da namu. Shi yana samun ruwa sau biyu a shekara, farin ruwa na daminar kusa, da baƙin ruwa da ke tahowa daga ƙasashen Gini da Mali ya iso da hunturu. Shiroro da Zungeru ba su da wannan gata, damina ɗaya suka dogara da ita. Wannan ne ya sa masu gudanarwa ke ƙoƙarin cika su kafin ruwan sama ya ɗauke, kuma shi ya sa ruwan ƙarshen damina mai yawa yake da haɗari, domin yana iske tafki babu sauran wurin ajiya.

Bambancin da ke tsakanin cikar tafki da raguwarsa mitoci ne masu yawa a tsaye. Amma abin da ya fi shafar mai gona shi ne nisan da ruwa ke ci a kwance. Alal misali, idan ƙasa tana tashi da mita 1 a kowane mita 100, to hawan ruwa na mita 5 kacal zai cinye fili mai nisan mita 500, wato rabin kilomita. A inda gaɓa take da dutse da gangare mai tsauri, ruwa ba ya yin nisa. A shimfiɗaɗɗiyar fadama kuwa, gonar da ke da tafiyar minti goma daga bakin ruwa a watan Yuni tana iya kasancewa ƙarƙashin ruwa a watan Satumba.

IRE-IREN AMBALIYA

Ambaliyar da ke da alaƙa da madatsa iri uku ce, kuma yana da muhimmanci shugabanni su rarrabe su lokacin da suke rubuta rahoto.

Na ɗaya, ambaliyar gaɓar tafki. Wannan ita ce komowar ruwa zuwa iyakarsa ta kowace shekara. Tana zuwa a hankali, cikin kwanaki ko makonni, ba kasafai take cin rai ba, amma tana cinye amfanin gona da bukkoki da duk abin da aka gina a ƙasa da iyakar.

Na biyu, ambaliyar bakin ƙorama. Idan tafki ya cika, yana tokare ƙoramun da ke zuba a cikinsa, sai ruwansu ya rasa mafita ya koma baya ya malale fadamu. Wannan tana kama mutanen da suke ganin sun yi nisa da tafki, kuma tana yanke hanyoyi da mashigai da aka saba bi da ƙafa ko da babur.

Na uku, ambaliyar ƙasan madatsa, wadda ke biyo bayan buɗe ƙofofi. Ita ce mafi sauri kuma mafi haɗari ga rayuka. Ruwan da aka saki daga Shiroro yanzu yana shiga tafkin Zungeru ne, idan shi ma ya cika sai a sake shi zuwa Wushishi da ƙasar Nupe. A can ne yake haɗuwa da ruwan Mariga da ya gangaro daga wajenmu. A 1999, sakin ruwa daga Kainji da Jebba da Shiroro ya mamaye ƙauyuka masu yawa a kwarin Kwara da Kaduna. A 2012 ambaliya ta kashe mutane 363 a faɗin ƙasa ta raba fiye da miliyan 2 da muhallansu, a 2022 kuma waɗanda suka rasu sun haura 600. Ba madatsu kaɗai suka jawo waɗannan ba, ruwan sama mai yawa ne tushensu, amma sun nuna mana abin da ke faruwa idan koguna da tafkuna suka cika a lokaci ɗaya.

TASIRI GA SANA'O'I DA LAFIYA

Noma. Ƙasar da ruwa ya janye daga kanta tana da laima da taki, don haka tana da kyau ga noman rani. Wanda ya bi ruwa yana shuka daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya sa wake ko masara mai saurin nuna ko kuɓewa ko albasa ko tumatir, zai girbe kafin ruwa ya komo. Asara tana samun wanda ya yi shukar damina a wurin, kamar dawa ko doya ko rogo ko rake, domin waɗannan ba sa nuna kafin Satumba. Shinkafa ma, duk da son ruwa da take yi, tana mutuwa idan ruwa ya shanye kanta na kwanaki.

Kiwo. Ciyawar da ke tsirowa a gaɓa da rani tana jawo garkunan shanu daga nesa. A nan ne ake samun saɓani, domin filin da makiyayi ke gani mashaya ce, manomi yana ganinsa gona. Da hawan ruwa kuma, burtalin da ke bin gaɓa yana nutsewa, shanu su hau tudu inda amfanin damina yake. Wajibi ne a shata hanyar mashaya tun kafin a fara shuka.

Su. Hawan ruwa alheri ne ga kifi, domin a cikin ciyawar da ruwa ya rufe ne karfasa da tarwaɗa da sauransu suke hayayyafa, 'ya'yansu kuma su ɓuya. Kama su da raga mai ƙananan idanu a wannan lokaci cin iri ne. Zuba magani ko guba a ruwa kuwa haramun ne a doka, kuma yana cutar da mai cin kifin.

Sufuri. Ba a sare dukkan itatuwan da ke kwarin kafin a cika tafkunan ba. Kututturansu suna nan a ƙarƙashin ruwa, kuma wurin da ya yi zurfi a watan Disamba yana iya zama tarko a watan Afrilu. Cin karo da kututture, da lodi fiye da kima a ranakun kasuwa, da tafiyar dare, su ne manyan musabbaban kifewar jirage. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ya nutse a tafkin Kainji kusa da Wara ta Jihar Kebbi, mutane masu yawa suka rasa rayukansu, kuma an sha samun irin wannan a tafkin Shiroro a kan hanyar kasuwar Zumba.

Lafiya. Kududdufan da ruwa ke bari idan ya janye matattarar sauro ne. Ruwa marar gudu mai ciyawa kuma gidan katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya ne, wadda ta fi kama yara masu wanka a gaɓa. Duk yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, domin akwai magani. Haka nan rijiyar da ambaliya ta shiga ba ta shawuwa sai an yashe ta an sa mata magani, saboda gudun amai da gudawa.

DAJI DA RUWA

Daji yana rage gudun ruwan sama. Ganyen doka da kaɗanya da ɗorawa da maɗaci, da ciyawar da ke ƙarƙashinsu, suna tare ruwa har ƙasa ta sha, sa'an nan ya riƙa tsattsafowa cikin ƙoramu a hankali. Idan aka sare itatuwa domin gawayi ko katako, aka yi ta ƙona daji, aka tone bakin rafi wajen haƙar zinariya, ruwa yana gudu gaba ɗaya cikin 'yan sa'o'i yana ɗauke da ƙasa. Sakamakon haka kashi biyu ne. A gida, ƙorama tana kawowa da ƙarfi ta ci gada da gona, ta kuma ƙafe da wuri da rani. A can ƙasa kuwa, laka da yashi suna cike koguna da tafkuna, su rage musu wurin ajiye ruwa. Madatsarmu ta Bagoma ba ta tsira daga wannan haɗari ba. Don haka kiyaye Dajin Kamuku da itatuwan bakin rafi yana cikin maganin ambaliya, ga mu da maƙwabtanmu baki ɗaya.

HUKUMOMIN DA ABIN YA SHAFA

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA mai lura da koguna kuma tana fitar da hasashen ambaliya tare da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Agajin gaggawa yana hannun NEMA a matakin tarayya, da hukumar bayar da agajin gaggawa ta jiha, da kwamitin ƙaramar hukuma. Hukumar NIWA ce ke da alhakin dokokin sufurin ruwa, ciki har da sanya rigar kariya da hana tafiyar dare.

Akwai kuma hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, wato HYPPADEC, mai hedikwata a Minna. An yi dokar kafa ta a 2010, amma sai bayan shekaru goma ta fara aiki. Lokacin da ta fara aiki jihohi 6 ta ƙunsa, Neja da Kebbi da Kwara da Kogi da Binuwai da Filato. Gyaran dokar da aka yi a 2023 ya shigar da Jihar Kaduna tare da Nasarawa da Gombe da Taraba.

Game da diyya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanadi biyan mai gona ko mai gida kuɗin amfanin gona da gine-ginensa idan gwamnati ta karɓi fili domin aikin jama'a. Sai dai filin da ke ƙasa da iyakar cikar tafki an riga an karɓe shi tun lokacin gina madatsa. Wanda ya yi gini ko shuka a ciki daga baya, zai yi wuya ya sami hujjar neman diyya. Muna jan hankalin jama'a da kada su sayi irin wannan fili daga hannun kowa.

SHAWARWARI GA JAMA'A

1. A gano iyakar cikar ruwa kafin a kafa gida ko rumbu. Alamominta su ne tabon ruwa a jikin dutse da itace, da jerin tarkacen kara da ruwa ya bari, da inda manyan itatuwa masu rai suka tsaya.
2. A gina gida da rumbu da rijiya da maƙabarta a kan tudu, sama da wannan iyaka da tazara.
3. A gaɓa a yi noman rani kawai, a kwashe komai kafin ƙarshen watan Yuni.
4. A kafa sanda mai alamomi a bakin ruwa, a riƙa duba ta safe da yamma daga watan Yuli.
5. Idan aka ji sanarwar sakin ruwa a rediyo ko daga bakin mai unguwa, a tashi nan take, a fara da yara da tsofaffi da marasa lafiya.
6. Kada a ƙetare ƙoramar da ta kawo, ko da ƙafa ko da babur. Kada a shiga jirgi da dare ko ba tare da rigar kariya ba.

SHAWARWARI GA SHUGABANNI DA MA'AIKATA

1. Kowane dagaci ya riƙe jerin unguwanni da rugage da sansanonin masunta da ke kusa da ruwa a ƙasarsa, har da na baƙi da 'yan gudun hijira, waɗanda su ne suka fi rashin sanin halin wurin.
2. A nemi hasashen NiMet da na NIHSA da zarar sun fito, a fassara su da Hausa da Fulatanci da Gbagyi, a karanta a masallatai da majami'u da kasuwanni.
3. A zauna da Sarkin Ruwa da Sarkin Noma da Arɗo kafin damina, a amince da wurin da za a koma idan ruwa ya zo, da hanyar da za a bi.
4. Kada a sa hannu a takardar cinikin fili ko izinin gini a ƙasa da iyakar cikar ruwa.
5. Bayan ambaliya a rubuta rahoto da kwanan wata da sunan wuri da irin ambaliyar da adadin gidaje da gonakin da ta shafa, ba ƙari ba ragi, domin da shi ake neman agaji kuma da shi ake tsara na gaba.

KAMMALAWA

Wutar da Shiroro da Zungeru ke bayarwa amfanin ƙasa ce baki ɗaya, amma nauyin hawa da saukar ruwansu yana kan mutanen da ke zaune a gaɓa. Haƙƙinsu ne a sanar da su a kan lokaci, haƙƙin shugabanni ne su isar da sanarwar har rugar da ta fi kowace nisa. Filin da tafki ya bari da rani aro ne na 'yan watanni, kuma mai shi yana komowa kowace shekara tsakanin Agusta da Oktoba. Wanda ya yi noma da kiwo da su bisa wannan lissafi zai ci moriyar tafki ba tare da ya yi asarar gida ko rai ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye mu daga sharrin ruwa.